Falsafar Sitowa da Zaman Yau da Kullum a Kabong

Falsafar Sitowa ta samo asali ne a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Wanda ya kafa ta, Zeno, ɗan kasuwa ne daga garin Kitiyon na tsibirin Kubrus. Marubutan dā sun ruwaito cewa jirgin ruwan da ya ɗauko hajarsa ya nutse kusa da Atina, ya tsira da ransa kawai, kuma a cikin wannan karayar arziki ya fara bin malaman falsafa. Da karatunsa ya nuna, sai ya riƙa koyarwa a wata baranda mai zane-zane a gefen babbar kasuwar birnin, inda mai kuɗi da talaka ke wucewa. Sunan barandar a Girkanci, Sitowa, shi ya bi makarantar, Larabawa kuwa suka kira mabiyanta Ruwaƙiyyun. Bayan Zeno sai Kiliyantis ya gaje shi, mutumin da aka ce da dare yake jan ruwa a lambunan mutane domin ya samu halartar darasi da rana. Daga shi sai Kirisifus, wanda ya tsara koyarwar cikin littattafai masu ɗimbin yawa, ko da yake kusan dukkansu sun salwanta.

Abin da ya iso hannun mutanen yau a cike ya fito ne daga mutum uku na zamanin daular Rum, kuma ratar da ke tsakanin matsayinsu abin lura ce. Seneka, haifaffen Kurɗuba a ƙasar Sifen ta yanzu, attajiri ne kuma ɗan majalisa. An kore shi zuwa tsibirin Kosika a shekara ta 41 Miladiyya, aka dawo da shi a 49 ya zama malamin Niro, wanda daga baya ya zama sarkin Rum, sannan a 65 Niron ya umarce shi da ya kashe kansa. Ya bar wasiƙu 124 da ya rubuta wa abokinsa Lusiliyus, da wani littafi sukutum a kan fushi. Efiktetus bawa ne, gurgu, ɗan garin Hiyerafolis a Turkiyya ta yau. Bayan ya samu 'yanci ya koyar a Rum har Sarki Domishiyan ya kori masana falsafa, sai ya koma Nikofolis a Girka ya buɗe makaranta. Bai rubuta komai da hannunsa ba; almajirinsa Ariyan ne ya tattara darussansa, ya kuma tace su cikin wani ɗan ƙaramin littafin hannu. Na ukun, Markus Aureliyus, shi ne sarkin Rum daga 161 zuwa 180. Annoba ta ɓarke a zamaninsa, yaƙi ya tsare shi shekaru a bakin kogin Danub, ya kuma binne yawancin 'ya'yansa tun suna ƙanana. Littafinsa nasiha ce da yake yi wa kansa, bai nufi kowa ya karanta ba.

Tushen koyarwar gajere ne. A wurin 'yan Sitowa, alheri na haƙiƙa ɗaya ne, wato kyawun hali, kuma sun raba shi gida huɗu: hikima, jaruntaka, adalci da kamun kai. Dukiya da lafiya da muƙami da suna abubuwa ne da ya dace a nema, talauci da ciwo kuwa ya dace a guje musu, amma samunsu ko rashinsu ba ya mayar da mutum nagari ko mugu. Hujjarsu ita ce kuɗi na iya gina asibiti, yana kuma iya sayen bindiga, alhali adalci ba ya zama makamin zalunci. Mai jin Hausa ba zai ga wannan baƙo ba. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma da suka haɗa da gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a cikin jerin, babu sarauta.

Daga wannan tushe Efiktetus ya fitar da rabon da ya fi shahara: akwai abin da ke hannun mutum, akwai abin da ba ya hannunsa. Na farkon kaɗan ne ƙwarai, bai wuce hukuncin da mutum ke yanke wa abubuwa a zuciyarsa, da niyyarsa, da abin da ya zaɓa ya aikata ba. Jikinsa da dukiyarsa da abin da mutane ke faɗa a kansa duk suna cikin na biyun, domin wani na iya taɓa su ba da izninsa ba. Wanda ya rataya kwanciyar hankalinsa a kan kashi na biyu ya miƙa wuyansa ga duk mai iko da waɗannan abubuwa.

Jos na da misalai da ba sai an je nesa ba. A watan Fabrairun 2002 Babbar Kasuwar Taminus ta ƙone, dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba rumfa ba kaya, aka kuma shafe sama da shekaru ashirin ba a sake gina ta ba. Gobarar ba ta hannun ɗan kasuwa, jinkirin gwamnati ma haka. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai tunkari wanda yake binsa bashi, da gaskiya ko da ɓuya, da kuma ko zai yarda ya baza 'yan kayansa a bakin titi ya sake farawa. Ɗalibin Jami'ar Jos da yajin aikin malamai ya zaunar da shi gida daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 ba shi da ta cewa a teburin sulhu, amma watanni takwas ɗin nasa ne, ko ya koyi sana'a ko ya bar su su wuce a majalisar shayi. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu yana da iko a kan irin da ya zaɓa da lokacin feshi. Ba shi da iko a kan damina, ko cutar da ke ƙone ganye, ko farashin buhu a kasuwar Farin Gada ranar da motarsa ta iso.

Nan ne ake yawan yi wa koyarwar gurguwar fahimta, a ɗauka cewa tana nufin a naɗe hannu. 'Yan Sitowa sun yi bayani da misalin maharbi. Wajibinsa ne ya gyara baka, ya zaɓi kibiya, ya auna iya ƙwarewarsa. Da zarar kibiya ta bar tsirkiya, iska na iya karkatar da ita, abin harin na iya gocewa. Nagartar maharbin tana cikin harbin. Manomin da ya yi duk abin da ya kamata sannan cuta ta cinye gonar ya yi asarar dankali, bai yi asarar mutuncinsa ba. Wanda ya yi sakaci kuma ya fake da ƙaddara ya rasa duka biyun. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Sashen da ya fi cancantar a daɗe a kansa, musamman a unguwar Kabong ta Jos, shi ne koyarwarsu a kan zato. Efiktetus ya yi iƙirarin cewa hukuncin da mutum ya yanke wa abu shi ke tayar masa da hankali fiye da abin kansa. 'Yan Sitowa sun rarrabe matakai. Da farko abu yakan bijiro wa zuciya: an ji ƙara, an ga mutane na gudu, saƙo ya shigo waya. Jiki yakan amsa nan take, gaba ta faɗi, ƙafa ta yi sanyi, kuma sun yarda cewa ko mai hikima ba ya kuɓuta daga wannan. Wani marubucin Rum ya ba da labarin malamin Sitowa da fuskarsa ta koɗe don tsoro a cikin jirgi lokacin guguwa, bai kuma ga abin kunya a ciki ba. Mataki na gaba shi ne amincewa, wato lokacin da zuciya ta ce e, gaskiya ne, an cuce mu, kuma ya wajaba a rama. Wannan matakin ne kaɗai yake hannun mutum, daga gare shi kuma aiki ke fitowa. Horon Sitowa gaba ɗaya yana ƙoƙarin faɗaɗa ɗan taƙin da ke tsakanin faɗuwar gaba da amincewa.

Mazauna Kabong sun san tsadar wannan ɗan taƙi. Rikicin Jos da ya fara ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin mako guda. An sake yi a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, aka sake a Janairun 2010, lokacin da aka ba da rahoton cewa saƙonnin waya masu ɗauke da jita-jita sun ƙara rura wutar. A jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai suka tashi a nan Kabong da Unguwar Rukuba yayin da mutane ke sayayyar biki, gommai suka mutu, kuma a kwanakin da suka biyo baya ramuwar gayya ta faɗa kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tun daga nan, fashewar tayar mota a Gada Biyu ta isa ta sa a rufe shaguna, wani ya yi ihun an fara, kafin a ankara labari ya kai Bukuru da ƙari. Babu mai hankalin da zai zargi wanda ya taɓa ɗaukar gawar ɗan'uwansa don ya firgita. Tambayar Sitowa tana zuwa ne bayan firgitar, kuma tambayoyi ne masu sauƙin faɗa: me ido ya gani, me kunne ya jiyo daga wani? Hoton da ke yawo a WhatsApp na yau ne, ko na wata shekara a wata ƙasa? Ko da labarin gaskiya ne, direban Keke Napep ɗin da ya shigo layi yanzu yana da hannu a ciki? Tura saƙo gaba aiki ne cikakke, yana kuma cikin 'yan abubuwan da suke hannun mutum ɗari bisa ɗari.

Seneka ya ɗauki fushi a matsayin hauka na ɗan lokaci, ya kuma ce babu maganin da ya kai jinkiri, domin fushin da aka sa ya jira yakan rage kaifi. Ya yi gardama da mabiya Aristo waɗanda ke ganin fushi kaɗan yana da amfani wajen yaƙi da zalunci. A ganinsa alƙali ba ya buƙatar fushi kafin ya hukunta mai laifi, fushin ma shi ke sa a hukunta wanda bai yi ba. Tarihin garin nan ya goyi bayan Seneka. Maganar Hausa cewa in rai ya ɓaci bai kamata hankali ya gushe ba tana kan wannan turba, tana yarda da ɓacin rai amma tana hana shi riƙe ragama.

Wannan sashe ne likitocin ƙwaƙwalwa na zamani suka ɗauka. Albert Ellis a tsakiyar shekarun 1950, da Aaron Beck a shekarun 1960, dukansu a Amurka, sun gina hanyar jinya da ke koya wa mai damuwa ya kama tunanin da ya faɗo masa, ya auna shi da hujja kafin ya gaskata, kuma dukansu sun ambaci 'yan Sitowa a matsayin magabatansu. Akwai kuma shaidar James Stockdale, matuƙin jirgin yaƙin Amurka da aka harbo a Biyetnam a 1965, ya yi sama da shekara bakwai a kurkuku ana azabtar da shi, ya kuma ce darussan Efiktetus ne suka riƙe shi.

Horo na gaba shi ne kawo musiba a rai tun ba ta zo ba. Seneka ya shawarci abokinsa da ya ware 'yan kwanaki yana cin abinci mara daɗi, yana sa tufafi masu kaushi, domin ya gane cewa talaucin da yake tsoro abin iya ɗauka ne. Efiktetus ya je gaba da haka, ya ce duk abin da mutum ya mallaka, har iyalinsa, aro ne da mai shi zai karɓa. Wannan tunani ya shiga duniyar Musulunci da wuri. Alkindi, masanin falsafa na Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta wasiƙa a kan dabarun kore baƙin ciki, ya kuma faɗaɗa misalin da ke cikin littafin Efiktetus na matafiyan jirgin ruwa da suka sauka tsibiri, wasu suka shagala da tsintar duwatsu da furanni har suka yi wa kansu nauyi ko jirgi ya bar su. Jihar Filato ta ga irin wannan a aikace. Kuza ce ta gina Jos da Bukuru, ta jawo leburori daga ko'ina a Arewa da Kudu. Ma'adinin ya riga ya fara ja baya lokacin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage kuwa shi ne kududdufai da tsibin ƙasa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya nuna cewa kuɗin mota da farashin mudu na iya ninkawa cikin 'yan makonni. Amfanin wannan horo a zahiri yake: magidancin da ya taɓa zama ya lissafa yadda gidansa zai rayu in albashi ya tsaya wata uku yakan shiga adashi, ya rage bashin biki, ya kuma sami barci ranar da abin ya faru. Sai dai horon yana da iyaka. Minti kaɗan ake so, da nufin shiri. Mai yawan zullumi da zai kwana yana saƙa mugun abu ya juya maganin ya zama cuta.

Akwai suka mai ƙarfi da ya wajaba a saurara. A ƙasar nan an saba a ce wa talaka ya yi haƙuri a duk lokacin da aka danne masa haƙƙi: ɗan fansho ya yi haƙuri, wanda aka ƙona wa gida ya yi haƙuri, rahoton kwamitin bincike kuma ya kwanta a kabad. Jos ta ga kwamitoci a kan rikicin 1994 da na 2001 da na 2008, hukuncin da ya biyo baya kuwa bai taka kara ya karya ba. Idan falsafar Sitowa ƙarin murya ce ga masu cewa a yi shiru, to ba ta da amfani a Kabong. Amsar ita ce adalci ɗaya ne daga cikin ginshiƙanta huɗu, kuma faɗin gaskiya a gaban mai mulki yana cikin abin da ke hannun mutum. Tarasiya Fetus ya fice daga majalisar Rum don ƙin amincewa da ta'asar Niro, aka yanke masa hukuncin mutuwa a 66. Surukinsa Helbidiyus Firiskus ya ƙi yin shiru a gaban Sarki Besfasiyan har aka kashe shi. Dukansu 'yan Sitowa ne. Kai ƙara kotu, ba da shaida, jefa ƙuri'a, tsayawa a taron unguwa a ce ba za a taɓa baƙo a layin nan ba, duk ayyuka ne na wanda ya saki sakamako amma bai saki wajibi ba. Duk da haka sukar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Seneka ya yi kira a kyautata wa bayi, bai taɓa kiran a soke bauta ba, ya kuma tara dukiya mai yawa a fadar azzalumi. Markus ya riƙe daula shekara 19 bai soke tsarin bautar ba. Falsafar ta fi ƙwarewa wajen gyaran mutum ɗaya, gyaran hukuma kuwa sai an haɗa da ilimin shari'a da siyasa.

Inda ta yi zarra shi ne batun ɗan'adamtaka. 'Yan Sitowa sun koyar cewa duk mai hankali ɗan gari ɗaya ne da sauran masu hankali, Bagirke ne ko bare, ɗa ne ko bawa. Wani malaminsu na ƙarni na 2, Hiyerokilis, ya kwatanta mutum a tsakiyar da'irori: kansa, iyalinsa, danginsa, mutanen garinsa, har dukkan 'yan Adam. Aikin mutumin kirki shi ne ya riƙa jawo na nesa zuwa kusa, kuma dabarar da ya bayar ita ce a kira na nesa da sunan dangi. A Jos wannan al'ada ce da ba ta buƙatar littafi. Birom da Anaguta da Afizere da Angas da Bahaushe da Bafulatani da Ibo da Bayarabe suna ciniki da Hausa, mai tumatir Mama ce, dattijon bakin masallaci ko coci Baba ne. Abin da rikici ya yi tun 2001 shi ne ya tsuke da'irorin, unguwanni suka rabu bisa addini, har akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwon Sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. Markus yakan tuna wa kansa da safe cewa zai haɗu da masu butulci da girman kai, amma su 'yan'uwansa ne da aka halitta domin aiki tare da shi, saboda haka ƙinsu saɓa wa halitta ne.

Yadda ake aiwatar da duk wannan bai da wuya. Da safe mutum ya dubi ranarsa, ya hango inda za a iya ɓata masa rai, ya shirya amsarsa. Da dare ya yi wa kansa hisabi. Seneka ya bayyana cewa bayan an kashe fitila yakan bi ayyukansa da maganganunsa na yini ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda ya yi zafin baki a gardama ko ya tsawata fiye da kima, ya yafe wa kansa da sharaɗin ba zai koma ba. Musulmi ya san wannan da sunan muhasaba, Kirista kuma ya san binciken zuciya kafin addu'ar dare.

Kamannin bai kamata ya rufe bambancin ba. Allah a wurin 'yan Sitowa hankali ne da ya ratsa duniya, ba Mahalicci da ke dabam da halittarsa ba. Ba su da tashin ƙiyama ko ranar sakamako, sun kuma halatta kashe kai a wasu yanayi, abin da Musulunci da Kiristanci suka haramta. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin muhawarar Manzo Bulus da su a Atina, inda batun tashin matattu ya raba taron.  Malaman addinan biyu sun bi hanya ɗaya da wannan gado, suka ɗauki horon suka bar aƙidar. Sufayen Kirista sun yi wa littafin Efiktetus kwaskwarima suna karanta shi a gidajen ibadarsu, kamar yadda Alkindi da Miskawaihi suka shigar da irin wannan tunani cikin ilimin gyaran hali na Musulunci.

Wuri na ƙarshe da koyarwar ke buƙatar gyara shi ne makoki. Wasu maganganun Efiktetus a kan mutuwar ɗa suna da tsauri fiye da yadda zuciyar uwa za ta ɗauka. Annabi Muhammadu (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, Linjila kuma ta ce Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Seneka da kansa ya amsa cewa ya yi kukan wani amininsa fiye da yadda koyarwarsa ta yarda, ya kuma ce hawaye halal ne muddin ba a mayar da su sana'a ba. Wanda ya ga kisa da idonsa, yake firgita cikin barci shekaru bayan haka, ko ya kasa bi ta wani titi, yana fama ne da ciwon da likitoci suka sani, kuma ce masa ya gyara tunaninsa kawai ƙarin nauyi ne. Irin wannan yana buƙatar dangi da malamansa na addini, da kuma ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwa irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.